Mutumin da Hambali Ya Harbe a Bakin Rumbu

Hambali kakana ne, shi ya haifi Baba. Ni da na san shi ya riga ya ranƙwafa. Dogo ne baƙi, ga rowar goro, ƙwara guda sai ya yini da ita. Hannunsa kuwa na shanu ne, saniyar da ta ƙi tatsa in ya dafa ta sai ta tsaya kamar an ɗaure. Yana ce mini amaryarsa mai ƙazamin hanci, ni kuma ina ce masa mijin da ba ya cefane. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, baƙo ya zo masa da fuska a rufe. Ko malami ne sai ya sauke amawali an ga kumatunsa kafin a kawo ruwa. Sai da na yi aure kakata Fadi, matarsa, ta gaya mini dalili.

Yana da wa, Illo, ɗan farin Tamu uwarsu. Tun Nasara bai zo ba mahara suka ɗauke shi a wajen kiwon maruƙa, lokacin Hambali yana goye. Ɗan fari ne, Tamu ba ta kiran sunansa, ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba. Hambali ya tashi yana jin an ce yana da wa, shi ke nan.

To sai shekarar Kakalaba. Yunwa ta ci ƙasa, ga kumandan, Nasaran da ke mulkin Magarya, yana aiko neman lanho, wato haraji, da majiya ƙarfi don aikin tilas. Mutanen tungarmu, nan gabas da Dogo-Dogo, suka kwashe suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Hambali bai bi su ba. Fadi tana jegon Baba, Tamu kuma ta makance. Shanu sun mutu sai ɗai-ɗai. Abin da ya rage musu rumbu guda, shi ma irin shuka ne a ciki da na kunun mai jego. Tunga ta zama daga su sai wani tsoho, Baffa Dikko, da ya ce shi ba ya mutuwa a ƙasar wani. Ga labari yana zuwa, masu raƙuma sun faɗa wata tunga, sun kwashe hatsi, sun kashe maigidan a ƙofar ɗakinsa.

Da rana tsaka abin ya faru. Gari shiru, ba daka, ba carar zakara, ko kare babu. Hambali yana zaune a inuwar ɗaki da bakansa a cinya, sai ya hango mutum daga arewa, a ƙasa yake, fuska a rufe sai idanu, da wuƙa a damtse. Gidajen mutane ga su nan a buɗe, bai leƙa ko ɗaya ba. Nasu ya nufo kai tsaye.

Da ya iso ƙofar gida, wuri fili fetal sai rairayi, sai ya ratse kamar yana kewaye wani abu, ya sunkuyar da kai kamar mai tsoron reshe. Ba komai a wurin. Mutumin bai yi sallama ba. Hambali ya miƙe ya ce wane ne, ya tsaya nan. Mutumin ya juyo ya dube shi irin duban da kake wa baƙon da ka tarar a gidanka, ya wuce. Ya je rumbu yana zagayawa, yana shafa zana daga ƙasa-ƙasa kamar mai neman ƙofa. Ɗakin Fadi yana jikin rumbun. Jariri ya yi kuka, mutumin ya saki zana ya nufi wajen kukan. Hambali ya saki kibiya.

Ƙarƙashin haƙarƙari ta same shi, dafin kuwa sabo ne. Ya zauna ya jingina da rumbu, yana ta magana a hankali da wani yare da Hambali bai sani ba. Ba faɗa, ba zagi. Har ya yi shiru.

Hambali ya kira Baffa Dikko don wankan gawa. Tsoho ya zo yana dogara sanda, yana cewa ashe bakan yaron nan ba na zomo kaɗai ba ne. Da ya warware rawanin sai wasa ya ƙare. Tsagen gidanmu ne a kumatun mutumin, irin na fuskar Hambali. Hambali ya ce ai rabin ƙasar nan tsagensu ke nan. Dikko ya ce haka ne, amma ya gaya masa yadda mutumin ya shigo. Ya gaya masa. Tsoho ya ce ya nuna masa inda ya sunkuya. Ya nuna. Dikko ya daɗe yana duban rairayin, sannan ya ce a nan tsamiya take da, mai reshe ƙasa-ƙasa, aradu ta kashe ta bayan ɗaukar Illo. Inda rumbu yake kuma, nan ne tsohon ɗakin Tamu.

Ya ce su kai shi daji maza su rufe kafin tsohuwa ta ji. Ashe ta ji. Ga ta nan tafe tana laluben danga.

“Wa aka kashe mini a gida?”

“Ɓarawo ne, Inna.”

“Kama hannuna ka kai ni.”

Ya kai ta. Ta durƙusa ta ɗora yatsu a goshin gawar, ta bi kumatu, ta bi bayan kunne, ta sauka har yatsun ƙafa. Fadi tana leƙe daga ɗaki, ta ce ba ta taɓa ganin laluben da ya daɗe haka ba. Sannan Tamu ta goge hannu a zane ta ce, “Ban san shi ba. Ɓarawo ne.”

Sai dai ta hana a kai shi daji, wai kura. Ta ce a rufe shi bayan danga. Ta shiga ɗaki ta fito da farin saƙin da ta ajiye don likkafaninta. Dikko ya ce don ɓarawo? Ta ce ita dai ba a fita da mutum tsirara daga gidanta.

Daga baya wani sojan kumandan ya biyo ya tambaya, aka ce masa ɓarawo ne, ya sha ruwa ya wuce. Damina ta sauka, irin nan na rumbu shi aka shuka, shi ya rayar da su. Mutane suka dawo, aka yi ta yabon Hambali, har maroƙa suka yi masa kirari. In suka fara sai ya tashi ya nufi wajen shanu. Yakan ce in ranar ta dawo zai sake harbi, ɗansa ne a ɗakin. Ranar da ya faɗi haka kuwa ba ya cin tuwo.

Shekaru ya yi da uwarsa bai tambaye ta ba. Ita ma ba ta canza masa fuska ba, furarsa da hannunta take damawa. Sai da ta kwanta ciwon ajali ya kori kowa, Fadi kaɗai ya bari tana fifita. Ya ce, “Inna, mutumin nan na rumbu. Kada ki tafi da shi ki bar ni.”

Ta ce, “Na gaya maka tun ranar. Gidanka ka tsare.”

Ya zauna yana jira. Tana ta jan numfashi, har sun ɗauka ta cika, sai ta laluɓo gwiwarsa.

“In an tashi, kada ku kai ni wajen ubanku. Bayan danga. Kusa-kusa.”

Hambali bai bar kowa ya taɓa dagi ba, shi kaɗai ya yi ginin. Liman yana ce masa ya ɗan matsa, ya ba da tazara, bai ko ɗago ba. Ya yi ta gina har ƙasar wancan kabarin ta fara zubowa cikin sabon. Sannan ya fito ya karkaɗe gwiwa ya ce a kawo ta.