Takardar Ajamin Yaya Sambo da Fadamar Diggi

Yau shekara tara ke nan da muka kai yayana, Malam Sambo, makwancinsa a Gwandu. Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komai ba, sai da Alhaji Bala ya yi mini aike.

Bala ɗan ƙanwarmu ne. A gaban Yaya ya koyi riƙon alƙalami, daga baya ya tafi Abuja a matsayin ɗan majalisa. Shekarar da ya sa ido kan wata fadama ta mutanen Diggi, ya tara su a Kalgo ya ce Majalisar Tarayya ta riga ta yanke za a yi aikin gwamnati a wurin, kuma abin da majalisa ta yanke ko alƙali ba ya tayar da shi. Mutanenmu kuwa sun saba, in manya suka yi magana sai a ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, a kaɗe riga. Suka yanke shinkafarsu suka tashi.

Yaya bai yarda ba. Ya sa wani malamin boko ya fassara masa farkon tsarin mulki, ya juye shi da ajami a takarda guda: tsarin mulki ne sama da kowa, har da majalisa, kuma duk dokar da ta saɓa masa ta faɗi. Ya bi masallatai yana karantawa. Ina tsaye ranar da suka haɗu da Bala.

"Kawu, ka tsaya ga allonka, wannan ba karatunka ba ne."

"To, ɗana, nuna mini inda majalisar ta rubuta."

Har yau bai nuna ba. Yaya ya shigar da ƙara, amma babu wanda ya raka shi kotu. Ni ma ban raka shi ba, na fake da zumunci. Ya rasu shari'ar ba ta ƙare ba. Fadamar yanzu gonar Bala ce, an kewaye ta da waya.

Me Yaya zai ce da ya ji Bala bana a rediyo, yana neman komawa kujera, bakinsa cike da tsarin mulki? Har ya aiko in ba shi takardar nan, wai zai sa ta a gilashi ya rataye a ofishin kamfen, don tunawa da kawunsa. Na ce a faɗa masa ba a ba kura ajiyar nama.

Yaya bai bar gida ba, bai bar garke ba. Takardar ya bari. Ta yi ja, tawadar ta dushe, amma tana karantuwa. Ranar Juma'a, in Allah Ya yarda, zan kai ta Diggi in karanta bayan salla, a inda ya kamata in tsaya bayansa tun yana da rai.