Kawu Garba da jan ƙwan mita

Shekara biyar rabona da gida. Yau da safe ina sauke albasa a kasuwa nan Fatakwal, direban da ya taso daga Aliero ya ce mini, "Ashe Kawu Garba lokaci ya yi?" Ya ɗauka na sani.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba kawuna na jini ba ne. Shi ne mai gidan hayar da na zauna a Jega. Ɗakuna da yawa, mita ɗaya. A haɗa kuɗi a sa kati, kafin wata ya raba wuta ta ƙare, sai zargi ya tashi.

Kullum a kan Inna Kulu zargin yake sauka. Mijinta ya rasu, da firizar ƙanƙara da zoɓo take ciyar da yaranta. Har 'yan haya suka ce ko firiza ta fita, ko ita ta fita.

Kawu ya sa aka ciro allon mitar daga ɗakinsa aka kafa a zaure. Ranar da aka kawo wuta bayan La'asar ya tara mu, ya sa aka kashe komai.

"Kowa shi kunna kayanai ɗai-ɗai, mu gani."

Akwai ɗan jan ƙwai a jikin allon. Aka kunna firiza, yana ƙiftawa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Aka jona hitar dafa ruwa, sai ƙwan ya haukace. Dutsen guga ma haka.

Kawu ya nuna allon ya ce, "To, ga maƙwabcinku da ba shi cin hanci. Ku yi faɗan da shi."

Bai kama sunan kowa ba, bai hana kowa komai ba. Amma daga ranar, duk mai fita masallaci sai ya leƙa lambar da ta rage. Mutane da kansu suka koma yin guga rana ɗaya, ruwan wanka ya koma kan gawayi. Kati ya fara ganin ƙarshen wata. Inna Kulu tana gidan har yau.

Na ga wasu na ta ɗora hotonsa a intanet suna kuka. Su ne masu kiransa Garba Kashe-Ƙwai a bayan idonsa. Ban manta ba. Amma in za a faɗi gaskiya, yana da faɗa. Ya taɓa bin sawuna har shagon aski don na bar fanka a kunne.

Ranar da zan taho ya raka ni tasha, ya cusa mini ƙunshin kilishi a jaka. Na ce, "Kawu, ba zan dawo ba sai da sola, ku huta da kati."

Ya yi dariya. "Kai dai ka dawo, yaro. Ko da sola, sai an duba mi aka ci."

Ni ban ji "kai dai ka dawo" ɗin ba.

Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alheri kan rufin asirin da ya yi wa marayu. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Abin da na iya tarawa a shekara biyar ɗin: faifan sola biyu, batir ɗaya, suna ƙarƙashin gadona. Da ma na'urar inbata kawai nake jira in saya, in koma in nuna masa.