Ankon Sarakunan Ingila

Shekara talatin da ɗoriya ke nan Zaharadden tela yana zaune a lungu ɗaya a unguwar Bab Makka, can ƙasa mai tsarki, har kujerarsa ta ɗauki siffarsa. Kallo ɗaya zai yi maka ya gama awo. Ana ma cewa ya taɓa ɗinka wa wani alhaji riga daga jin tarinsa a waya. Boko kuwa aji uku ya yi, malamai suka roƙe shi don Allah ya je ya huta.

Allah da ikonsa, 'yarsa tilo Bara'atu ita ta kwashe karatun gidan kaf. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Inno yake kiranta. Wata makarantar Turanci a unguwar Safa ta ɗauke ta koyar da tarihi, amma gwajin wata uku. Shugabar makarantar, Ustaza Layan, ta ce wasan kwaikwayon ƙarshen zango ne zai nuna ko za a riƙe ta.

Wasan a kan yaƙin gidajen sarauta biyu na Ingila ne, York da Lankasta. Ta zo shago don ya ɗinka wa yaran kayan wasan, ta zauna kan bandir tana yi masa bayani: kusan shekara talatin suna yanka juna a kan gadon mulki, waɗannan alamarsu farin fure, waɗancan ja.

"Wai su waye da waye, Inno?"

"Dangi ne, Baba. Kakansu ɗaya."

"Kaka ɗaya!" Ya ajiye almakashi. "Halas, shi ke nan, bar min."

Ashe daga nan kunnensa ya toshe. Ranar wasa da safe ta buɗe jakunkuna a makaranta, sai ga riguna ashirin da huɗu, shuɗiyar shadda iri ɗaya, aikin wuya iri ɗaya. Anko ya ɗinka musu.

"Ya Baba, esh hada, mene ne wannan? Abokan gaba ne fa!"

"Jikokin mutum ɗaya su fito gaban jama'a kowa da nasa yadin? A ce ba su da manya?"

Sai ya ga idonta ya kawo ruwa. Mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri, ran nan taksi ma sai da ya wuce ta a ƙafa. Ya kwaso ƙyallaye a shago, ya yanka furanni farare da jajaye, ya tsugunna bayan labule yana maƙala wa yara a ƙirji da fil.

To shi fil ina ya san yaƙi? Ana gwabzawa furanni suka zube. Sojojin Lankasta suka rufe sarkin yaƙinsu da takubban kwali, yana ihu, "Ana ma'akum! Ni naku ne!" Iyaye suka fashe da dariya. Ustaza Layan ko murmushi.

Zaharadden na can kujerar ƙarshe, kai a ƙasa. Sai ya ji muryar 'yarsa a lasifika, da Turancin nan da ba ya jin ko alif a ciki. Daga baya ya san abin da ta ce: haka ta taɓa faruwa da gaske, a wani yaƙi cikin hazo mutanen Lankasta suka kasa gane alamar 'yan'uwansu, suka afka wa juna, aka ci su. Ta ce iyaye su dubi rigunan da kyau, duk mai sara a nan jininsa yake sara. Iyaye suka shiga duban rigunan.

A bakin ƙofa ta same shi yana ninke jakunkuna.

"Sun dai shirya daga ƙarshe?"

"Da aure, Baba. Ɗan wannan gida ya auri 'yar wancan."

"Wawaye. Da ma da shi suka fara."

Ta karɓi jakar daga hannunsa. "Ustaza ta ce in zo Lahadi in sa hannu. Sun riƙe ni."

Ya juya mata baya, ya daɗe yana lalube a aljihun da ba komai a cikinsa.

"Yalla, mu tafi, Inno," ya ce. "Azahar za ta wuce mu."