Jinin Baffa Barau

Ranar Laraba na ɗebi jinin Baffa Barau, na ajiye kwalbar a kan tebur a ɗakin shan magani na En'e da ke Safana. Da na dawo daga sallar azahar, sai na ga saman jinin ya yi fari kamar an zuba masa madara. A wannan shekara ta 1958 na gama koyon aikin asibiti a Zariya, kuma sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan jini. Mai shi bai ga damina ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, mahauci ne kuma ɗan mahauci, haifaffen Ruma. Su huɗu ne maza, saura shi kaɗai. Mahaifina ya dafe ƙirji ya faɗi a kasuwar Batsari da wuƙa a hannu. Ɗaya ya faɗi a gona a Darini, ɗaya a bakin rijiya, ba wanda ya kai hamsin. Baffa ya ce aikin magauta ne, ya ƙara laya a damtse.

A duk rayuwarsa ban san abin da ya ƙware a kai ba kamar ci. Tsoka ta masu saye ce, kitse nasa. Ya soya, ya ci, ya lashe kakide, sannan ya narka man shanu a kan tuwo har miya ta ɓace. Man gyaɗa kuwa, ya ce na matsiyata ne. Wasu ɗigo-ɗigo rawaya sun fito masa a fatar ido, yana nuna wa mutane wai alamar arziki ce.

Sati ɗaya kafin wannan Larabar ƙirjinsa ya riƙe yana cikin fiɗa. Da na je gidan, na tarar matarsa Hansai ta ɗumama man shanu a ludayi tana ba shi, wai ya sassauta masa ƙirji. Yana sha yana lumshe ido.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin da likita ya yi mana a Zariya. Kitse ba ya haɗuwa da jini, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka jiki kan naɗe shi cikin wani sinadari da ke ɗaukarsa ya zaga da shi. Kitsen dabba yana ƙara wani maiƙo da ake kira kolestarol, shi kuma ya liƙe a jikin jijiya har hanya ta tsuke.

"Hansai, zo ki ji ɗan boko!" in ji shi. "Wai cikina kwata ce, ta toshe."

"Baffa, a koma man gyaɗa, ko na wata ɗaya."

"Kai, Hashimu, da kitsen nan aka yi maka wannan wuyan. Bature ya ba ka farar riga, za ka koya mini cin abinci?"

Da kyar ya miƙo hannu ranar Larabar na ɗebi jinin, shi ma don ya sami abin ba da labari a kasuwa.

Da na kai wa likitan Katsina labari, ya ce a ɗebo wani jinin kafin a karya kumallo, zai aika Kaduna a auna. Na ɗebo na Baffa. Na tuna mahaifina, na ɗaure damtsena na ɗebi nawa, na haɗa kwalaben biyu na aika. Yau kwana tara ke nan. Baffa ya koma kan teburinsa a kasuwa. Motar wasiƙa sai Jumma'a, kuma har yanzu ba amsa.