Hoton Gidan Bature a Kwalin Takalmi

Na koyar da tarihi a sakandare a Kano kafin albashi ya kore ni ƙetare, zuwa birnin Guangzhou, inda na koma tafinta. Mafi girman masu ba ni aiki wani Alhaji ne ɗan kasuwar takalma. In ya sauka, tukunyata ta ɗoru. In ya yi fushi, sai shayi ba madara.

Wata Juma'a, bayan mun fito daga masallacin Huaisheng, ya ce in raka shi tsibirin Shamian, inda tsofaffin gidajen Turawa suke. Na ɗauka tarihi ne ya shiga ransa. Har na gyara murya.

Na nuna masa cocin, na nuna masa gidajen fataken. Na ce waɗanda suka gina su sun gaya wa mutanen gida cewa haske suka kawo, amma shayi da alharini suka zo ɗiba, da abin biya ya gaza sai suka cika ƙasar da kayan maye. Da yawansu kuwa a garinsu ko gado ba su da shi, sai da suka haye teku suka zama manya. Har gadojin tsibirin sa musu ƙofa suka yi, don kada masu ƙasa su shigo yadda suka ga dama.

Alhaji yana ta gyaɗa kai, yana ɗaukar hoton wani farin gida mai ginshiƙai.

"Wannan ya yi, Malam. Shi za mu buga a kwali."

"Wane kwali, Alhaji?"

"Na takalman da muka saya a kasuwar Zhanxi Lu mana. Kai kuma ka tsara mini Turancin nan naka mai nauyi, ka ce nan ne gidan kamfanin, tun kaka da kakanni. Ka san mutanenmu, in ba su ga ginin Bature ba sai su ce jabu ne."

Na san takalman nan. Ina tsaye ya sa mai masana'anta ya rage gam, ya sirance tafin. Damina ɗaya ba za su gani ba.

Na ce, "Ashe kai ma haske za ka kai musu."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Su da suka yi, ga shi har yau ana zuwa kallon gidajensu. Kai wa ke zuwa kallon naka?"

Bature aƙalla baƙi ya cuta. Wannan kuwa maƙwabtansa ne za su sa takalman su tafi idi.

Na ce masa Turancina bai kai nan ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tari tasi, bai ce in shiga ba.

An rubuta masa a wani shagon, har da kuskure a layin farko, kayan kuma suka tashi ta filin jirgin sama na Baiyun. Ni kuwa na koma tsayuwa a ƙofar masallaci bayan sallah, ina gaishe da baƙin fuska, ina tambayar ko suna bukatar mai jin yaren gari.