Ɗan Juma, Wanzamin da Ya Karanta Fuskar Mas'ud

Kafin rana ta yi zafi, Ɗan Juma Wanzami ya riga ya share gindin dogon yaron da ke bayan kasuwar Talata Mafara, ya shimfiɗa tabarma, ya rataye zabira. Shekara arba'in da ɗoriya haka yake. Mu masu zuwa aski mun san ƙa'idarsa, kuma tana ba mu haushi: komai saurinka sai ka jira ya gama da "mutanensa". Mutanen nasa kuwa su ne masu taɓin hankalin garin nan da ke yawo tsakanin kasuwa da tasha. Da goro da fura yake lallaɓa su har su zauna. In ka yi ƙorafi ya ce, "Kai in ka tara suma, a ce gayu ka yi. Su in sun tara ta, a ce 'yan daji ne. Yi haƙuri in gama."

Ba wasa yake yi ba. Duk wanda ya zauna yankin nan a shekarun nan ya san abin da tsoro ya mai da mu. An sace namu, an kashe namu, mun kuma san akwai masu kai wa ɓarayin daji labari daga cikin gari. Sai 'yan siyasa suka gane cewa babu abin da ke kawo tafi a taro kamar alkawarin shara. Wannan ya ce zai share gari, wancan ya ce shi ko tsinke ba zai bari ba. Mu kuma mu tafa har hannu ya yi ja. Wallahi da ni a cikin masu tafin. Ba mu taɓa tambayar su wa tsintsiyar ke kwasa ba.

Ɗan Juma ya sani, domin kowace Litinin, shekara ashirin da shida, yana shiga wani gidan yari da ba sai na faɗi sunansa ba, yana yi wa fursunoni aski. Kan da ya ɓace daga tasha, sau da yawa a can yake iske shi.

Wata Litinin bara, wani ganduroba mai suna Zubairu ya jawo masa wani mutum ramamme, suma ta daskare masa kamar tsumman goge tukunya. A bakin madatsar ruwa ta wajen Bakura aka kama shi, yana bin shanun mutane yana lallatsa musu haƙarƙari. Aka yi ihun infoma, aka lakaɗa masa duka. Aka tambaye shi ko 'yan daji suka aiko shi, ya ce eh. Ko shanun yake leƙa musu, ya ce eh. Zubairu ya ce shi ma ya taɓa gwada shi, ya tambaye shi ko shi ne limamin garin, ya ce eh. Wata bakwai yana ciki, ba suna, ba mai ziyara. A takarda "Mai Suma" aka rubuta.

"Aske shi, Baba," in ji Zubairu. "Alhamis mota za ta kwashe mutum arba'in zuwa wani gidan can nesa, yana cikinsu. In ya tafi da wannan sunan, ya tafi ke nan."

Ɗan Juma ya jiƙa kan, ya sa sabuwar reza. Da ya sauko kan gemu, kumatu ya bayyana, sai hannunsa ya tsaya. Akwai bille a kuncin mutumin, tsagar nan guda ɗaya da ake yi wa jariri. Amma wannan zurfinta daga ƙasa ya faro ya yi sama, ta kuma karkata ba yadda aka saba ba. Wanzami ɗaya ya sani mai irin wannan hannu: marigayi Isa Bahago na Damaga, wanda da hagu yake riƙe aska. Ya kama hannun mutumin ya juya. Yatsun hagu duk tsofaffin tabon wuƙa. Sai ya gane latsa haƙarƙarin nan. Ɗan mahauta ne, kitse yake dubawa, aikin da ya tashi a ciki.

"In wani nashi ya zo fa?" in ji Ɗan Juma.

Zubairu ya waiwaya kafin ya amsa, ya sassauta murya. "In nasa ya tsaya gaban Oga ya ce nasa ne, ya shaida ba shi da lafiya, ana iya cire shi daga jerin a mai da maganar gaban alƙali. Amma Baba, wanda ya ce ya san infoma, ka san sunan da za a ba shi."

Ya sani sarai. Washegari Talata ce, ranar kasuwa. Ya shiga kara inda mahautan Maradun ke cinikin shanu, ya gaisa da su, ya tambaya ko wani gidan mahauta a Damaga ya yi ɓatan ɗa. Da jin inda ya gan shi, kowa ya tuna yana da saniyar da zai duba. Wani dattijo ne kawai, yana kallon wani gefe, ya ce, "Tambayi gidan Turai. Amma ba ni na faɗa maka ba."

Ranar Laraba ya hau mota zuwa Maradun, daga nan ya hau mashin. Ya faɗa mini da bakinsa cewa bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Gonaki a gefen hanya ciyawa ta cinye su. Mai mashin idonsa na kan daji. A wani shinge masu sintiri suka zazzage zabirarsa a ƙasa, asake suka watse. Ɗayansu ya ɗauki ɗaya yana juya ta, ya ce wa zai yi wa aski a daji? Ɗan Juma ya ce masa askin suna zai je. Ƙarya ce, kuma har yau yana istigfari a kanta.

A Damaga wani magidanci, Rilwanu, ya tare shi a zaure. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi gida da iyali da ruwan bana. Da Ɗan Juma ya faɗi abin da ya kawo shi, fuskar Rilwanu ta sauya.

"Baba, yayana ya rasu. Shekara biyu da ɓatanshi, mun yi cigiya mun gaji, munka yi mishi addu'a, mutane sunka yi muna gaisuwa. Yanzu in tashi in ce wanda anka kama da sunan infoma namu ne? Gidan ga akwai mata, akwai yara. Ka san abin da aka yi wa gidan da anka nuna da yatsa?"

Ɗan Juma bai ga laifinsa ba, shi ma tsoron ne a cikinsa. Ya ɗauki zabira zai tashi, sai murya ta fito daga bayan zana.

"Wanzami, billen wane kunci?"

"Na dama, Inna. Hannun Isa Bahago."

"Ɗan yatsan hagu fa?"

"Ya guntule kaɗan."

Tsohuwar, Turai ke nan, ta ce, "Wancan ne."

Wancan. Haka take kiransa tun ranar da aka raɗa masa suna, domin ɗan fari ne, kuma ita mace ce mai alkunya irin ta da. Shekara talatin da huɗu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta taɓa cewa nata ne a gaban mutane ba. Ko ranar addu'arsa ba a ga hawayenta ba. Rilwanu ya roƙe ta kada ta je, ya haɗa ta da Allah. Ta yafa mayafi ta fito.

Da hantsin Alhamis suka isa, motar na tsaye a harabar gidan yari, an jera mutane a tsugune biyu-biyu. Babban jami'in ya dubi tsohuwar, ya dubi wanzamin. Ya ce ta nuna shi, ta nuna. Ya ce nuni ba shaida ba ne, kowa na iya nuni. "Mene ne sunansa, kuma mene ne shi a wurinki? Ki faɗa da ƙarfi, a rubuta. Ki kuma sani sunanki da na gidanku za su shiga takardar nan."

Ɗan Juma ya ce ya ga leɓenta na motsi ba sauti. Ya yi zaton ta kasa. Direba ya tayar da mota. Sai ta ɗaga kai, ta faɗa yadda duk harabar ta ji.

"Mas'ud. Sunanshi Mas'ud. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ba shi da lahiya."

Mutumin da wata bakwai bai san wata kalma ba sai eh ya ɗago askakken kansa daga cikin layi. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Inna, ke ce kika kira ni?"

Zubairu ne ya ba ni wannan labarin, ya ce sai da ya juya baya don kada abokan aiki su ga idonsa.

Ba a saki Mas'ud ranar ba. An dai cire shi daga layi. Sai bayan wata uku, da likita ya duba shi, alƙali ya ce asibiti ya kamace shi. Yanzu yana Damaga yana shan magani, wata rana lafiya, wata rana sai haƙuri. Ɗan Juma kuwa sau biyu ana kiransa amsa tambayoyi. A kasuwa aka fara raɗa "wanzamin infoma", tabarmarsa ta yi makonni ba kowa sai mutanensa. Ni mai rubutun nan, da ya yi wa 'ya'yana huɗu askin suna, sai da na yi wata guda ina zagayewa ta bayan masu tumatir don kada a gan ni muna gaisawa. Na ji tsoro, kuma ina jin kunya.

Ɗan Juma, kai ne ka ji tsoron da muka ji, ka hau mashin da shi. Kai ne ka dubi fuskar da muka tofa wa yawu, ka ga hannun wanzami ɗan'uwanka, ka ga akwai gidan da aka yi shagalin haihuwarta. Uban marasa gata, na gode, kuma ka yafe mini zagayen nan.

Watan jiya ya rataye aska, hannu ya fara rawa. Na je yi masa murna da hutu, na iske ba murna a fuskarsa. Ya ce a cikin talatin da taran da motar ta tafi da su akwai biyu da ya aske da hannunsa, ya kuma tabbata ba su san inda kansu yake ba. Matasa ne, 'yan zamanin da aka daina tsaga. Ya shafa fuskokinsu sama da ƙasa bai sami abin karantawa ba.

Ban ce a koma tsaga jarirai ba. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. Mai taɓin hankalin da ke zama ƙofar shagonka ko bakin masallacinku, tambayi sunansa da garinsu tun yau, ka riƙe. Ranar da aka yi ihu a kansa, ko aka zo shara, a sami mutum ɗaya da zai ce ya san shi. In kuma mai neman ƙuri'a ya sake ɗaga tsintsiya, kafin mu tafa mu tambaye shi ina zai kai marasa lafiya.

Allah ya saka maka da alheri, Ɗan Juma, ya sa hannun nan ya huta lafiya. Da zan tafi ya riƙo hannun rigata, ya ce in saka mutanen nan biyu a rubutuna ko nasu za su gani. Na ciro biro na ce ya faɗi sunayensu. Ya dube ni, ya ce, "Ai shi ne ban sani ba."