Traugott Bai Iya Jiran Shiru Ba

Ranar Talata muka binne Traugott Bemmann, amma har yanzu in na ɗaga takardar waƙa sai in karkata ta hagu, inda yake tsayawa. Tun muna samari takarda ɗaya muke kallo ni da shi a cikin mawaƙan cocinmu, a layin baya, wajen masu babbar murya. Ni gurasa nake gasawa. Shi kuwa a wata maɗaba'a yake aiki a nan Leipzig, yana buga alamomin waƙa a kan farantin kuza da 'yar guduma, a juye, don su fito daidai a takarda. Yawancin abin da muke rerawa ta hannunsa ya bi.

Muryarsa ba laifi. Jira ne bai iya ba. Akwai inda mai waƙa yake sa shiru, kowa ya ja numfashi, sai malamin waƙa ya sauke hannu kafin a shiga tare. To, nan Traugott yake faɗowa shi kaɗai, kamar bijimin da aka manta a waje.

Nakan ce masa, "Kai fa ka buga shirun nan da hannunka!"

Sai ya ce, "Shi ya sa na san ba komai a ciki, Ehregott. Na duba."

Matarsa Rosine ta ce ko addu'ar cin abinci, kafin a kai amin dankali ya kai bakinsa.

Tsohon malaminmu kunnensa ya yi nauyi, ba ya ji. Da ya rasu aka kawo Malam Uhlig, matashi mai kunnen zomo. Ya zo da sabuwar waƙa don Jumma'ar da ke kafin bikin Ista, mai dogon shiru kafin amin na ƙarshe. Traugott ya faɗa ciki tun gwajin farko.

Malam Uhlig ya ce, "Bemmann, in ka sake riga hannuna ranar Jumma'a, ka koma benci wajen masu sauraro."

Traugott ya yi dariya, amma ran nan bai tsaya shan giya da mu ba. A bakin ƙofarsa ya ce mini, "Duk mako ina buga waƙa ba na jin komai sai guduma. A layin nan kaɗai nake jin abin da na buga. In sun cire ni fa?"

A wurin gwaji na gwada taka masa ƙafa don ya jira, takalminsa ya fi ƙarfina. Na gwada tsungulinsa, ya yi ihu, abin ya ƙara lalacewa. Daga ƙarshe Lebrecht tela ya tara 'yan layin baya, ya ce, "Ku ji, tsofaffin banza. Mutum ɗaya ake kora. Ba a korar layi."

Ranar Jumma'a coci ya cika. Muka kai wurin, hannun malam yana sama. Na ji Traugott a gefena yana ƙoƙari, Allah ya sani yana ƙoƙari. Da na ji ya ja numfashi sai na zunguri Lebrecht, muka faɗa amin gaba ɗayanmu tare da shi. Malam ya yi sauri ya sauke hannu kamar shi ya kira mu.

Bayan an tashi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Garken shanu." Bai kori kowa ba.

Traugott kuwa har ya mutu bai gane ba. Ya riƙa cewa, "Kun gani? Ran nan dai na jira." Ba wanda ya ƙaryata shi.

Waƙar muka rera masa a bakin kabari. Muka kai shirun, hannun malam ya tashi, kuma a karon farko ba wanda ya shigo. Haka mai waƙar ya so ta, amma ban taɓa jin abu mara daɗi irin wannan ba. Malam Uhlig, wanda yanzu ya yi furfura, ya tsaya da hannu a sama yana kallon gefena na hagu. Sai ya ce, "Haba, ba mai ɓata mini ita?"

Na ɓata masa, a madadin abokina. Na faɗa amin, na riga hannunsa.